Aikin Aji Daban, Aikin Ɗan Aji Daban

Makon jiya wani matashi da muke aiki tare ya turo mini kod ɗin da ya rubuta da Python, in duba masa kafin a haɗa shi da sauran manhajar. Ƙaramin shiri ne na ajiyar kuɗi da cirewa, aji (class, wato tsarin da ake gina 'yan aji daga shi) ɗaya tak mai suna `Asusu`. Ayyuka tara ne a cikinsa, kuma duk taran an ɗora musu `@classmethod` a ka, alamar da ke mai da aiki na ajin kansa ba na ɗan aji ba, kamar an raba musu hula iri ɗaya.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya, ai haka ya fi sauƙi. Ba sai na tsaya ƙirƙirar komai ba, in rubuta `Asusu.ajiye(500)` kawai a wuce wurin."

Na ce to, buɗe mana asusu biyu. Na farko ya ajiye 500, na biyu ya ajiye 200, sannan ka nuna mini tarihin na biyun. Ya danna. Sai ga 500 da 200 a jere cikin tarihin mutumin da 200 kaɗai ya ajiye. Ya yi shiru yana kallon allon, can ya ce, "Amma ai bai nuna kuskure ba."

Maganar nan tasa ce ta zaunar da ni rubutu, domin gaskiya ya faɗa. Python bai yi ƙorafi ba, kuma ba zai yi ba. Ga abin da ya rubuta a taƙaice:

```python
class Asusu:
    tarihi = []

    @classmethod
    def ajiye(cls, kudi):
        cls.tarihi.append(kudi)
```

Jerin `tarihi` guda ɗaya ne, yana zaune a jikin ajin. Ko asusu dubu ka buɗe, duk a wannan jerin za su riƙa zubawa. Abin da ya ƙara rufe ɓarnar shi ne Python yana barin ka kira aikin aji ta hannun ɗan aji. Za ka rubuta `a.ajiye(500)`, ido ya ga kamar da `a` ake magana, alhali saƙon ya zarce wurin ajin.

Matsayina ba mai tsawo ba ne. Duk aikin da amsarsa ke canzawa idan aka canza wanda ake magana a kansa, na ɗan aji ne, `self` zai karɓa, wato ɗan ajin da aka kira shi a kansa. Aikin aji kuwa, mai karɓar `cls`, wato ajin kansa, yana da gurbi ɗaya babba: lokacin da abin da kake so bai wanzu ba tukuna, kana neman a gina maka shi. Akwai wasu ƙananan gurabe, zan zo kansu, amma ba su da yawa. Wanda ya ɗora wa aji aiki don kawai yana jin ƙiwar ƙirƙirar ɗan aji, ya mai da ajin rumbun da kowa ke sa hannu a ciki ba mai tsaro.

Dubi katin asibiti. Akwai tsarin katin da aka buga, da gurbin suna, da na shekaru, da na awon jini. Wannan shi ne aji. Akwai kuma katin da aka cike da bayanan wani maras lafiya, wannan ɗan aji ne. Idan likita ya ce nawa ne awon jininsa na jiya, ba wanda zai je ya ɗauko katin da ba a rubuta komai a kai ba. Dole a san katin wane ne. Amma idan mutum ya zo da takardar da aka turo shi da ita daga wani asibiti, aka ce a buɗe masa kati daga cikinta, a lokacin ba shi da katin da za a tambaya. Teburin da ke buɗe kati ake nufa. Aikin wannan teburin shi ne aikin aji.

Gyaran da muka yi bai kai layi goma ba:

```python
class Asusu:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self.tarihi = []

    def ajiye(self, kudi):
        self.tarihi.append(kudi)
```

Yanzu kowane asusu da jerinsa, ana haifarsa da shi.

Inda aikin aji ya fi kowa

Kada a ɗauka ina ƙyamar `@classmethod`. Ina amfani da shi kusan kullum, kuma idan aka sa shi a muhallinsa babu abin da ke maye gurbinsa.

Dalilin yana cikin tsarin Python kansa. A harshen Java kana iya rubuta magini, wato aikin da ke gina sabon ɗan aji, uku ko huɗu a aji ɗaya, kowanne da irin bayanan da yake karɓa, harshen ya zaɓi wanda ya dace. Python ba ya haka. Magininsa, `__init__`, ɗaya ne. Idan ka rubuta na biyu a ƙasan na farko, na biyun zai shafe na farkon shiru, ba sallama. To yaya za ka yi idan asusunka wani lokaci daga suna ake gina shi, wani lokaci daga layin da aka karanto cikin fayil, wani lokaci daga bayanan da wata manhaja ta turo?

Abin da da yawa ke yi shi ne su cika `__init__` da gurabe: `suna=None, layi=None, fayil=None`, sannan su bi da tulin sharuɗɗa, in wannan ne a yi kaza, in wancan ne a yi kaza. Bayan wata shida marubucin da kansa ba zai iya gaya maka abin da zai faru ba idan aka ba da `layi` da `fayil` a tare. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a bar magini da aikinsa guda, a buɗe wa ajin wasu ƙofofin, kowacce da sunanta:

```python
    @classmethod
    def daga_layi(cls, layi):
        suna, kudi = layi.split(",")
        sabo = cls(suna)
        sabo.ajiye(int(kudi))
        return sabo
```

Mai karanta `Asusu.daga_layi(...)` ba ya buƙatar bayani, sunan ya gama magana.

Ba ni na ƙirƙiro wannan salon ba. Buɗe laburaren da ke zuwa tare da Python ka gani. `date.today()` na ba ka ranar yau. `datetime.fromtimestamp()` na gina lokaci daga adadin daƙiƙoƙi. `datetime.fromisoformat()`, wanda ya shigo a Python 3.7 cikin 2018, na gina shi daga rubutu. `dict.fromkeys()`, `int.from_bytes()`, `bytes.fromhex()`, `Path.cwd()`, `Path.home()`, duk ayyukan aji ne, kuma duk abu ɗaya suke yi: suna miƙo maka sabon ɗan aji wanda ba ka da shi a da. Lura da yawan `from` a sunayen, wato "daga". Kwatanta su da `weekday()`. Ba ka cewa ajin `date` ya gaya maka wace ranar mako ce, sai ka riƙe wata takamaimiyar rana a hannu. Masu laburaren sun raba ayyukan daidai inda nake cewa a raba.

Wani ɗan tarihi yana ba ni dariya. `classmethod` da `staticmethod` sun shigo a Python 2.2, ƙarshen 2001, amma alamar `@` ba ta zo ba sai a 2.4 cikin 2004. A tsakanin shekarun nan sai ka gama rubuta aikin, sannan ka sauko ƙasansa ka ƙara `daga_layi = classmethod(daga_layi)`. Abin da ɗan nauyi, kuma ina zargin nauyin kan sa mutum ya tsaya ya yi tunani. Yanzu layi ɗaya ne a sama, yatsa na rigan ƙwaƙwalwa.

"Ai yana rage cin memori"

Wannan ita ce hujjar farko da abokin aikin nawa ya kawo bayan ya farfaɗo. A tunaninsa, idan aiki na ɗan aji ne, to duk ɗan ajin da aka ƙirƙira sai ya ɗauki kwafin aikin a jikinsa, asusu miliyan kwafi miliyan.

Ba haka ba ne. Aikin yana zaune sau ɗaya a jikin ajin, ko na aji ne ko na ɗan aji. Abin da ɗan aji ke ɗauke da shi bayanansa ne kawai, suna da tarihi. Lokacin da ka kira `a.ajiye`, Python na zuwa ajin ya ɗauko aikin, ya haɗa shi da `a` na ɗan lokaci. Mai shakka ya gwada `a.ajiye.__func__ is b.ajiye.__func__`, zai ga `True`. Babu memorin da aka tsira da shi. Ba zan daɗe a nan ba.

"Aikin nawa ba ya taɓa `self`, manhajar rubutu ma ta ja masa layi"

Wannan hujjar ta fi waccan nauyi. PyCharm, manhajar rubuta kod, kan nuna maka cewa aikin da ba ya amfani da `self` zai iya zama mai zaman kansa, Pylint mai duba kod ma yana da gargaɗi irin wannan mai suna `no-self-use`. Mutum ya ga layin, yana son ya ɓace, sai ya ɗora `@staticmethod` (alamar aikin da ba ya karɓar `self` ko `cls`) ko `@classmethod`, layi ya tafi, hankali ya kwanta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Gargaɗin tambaya yake yi maka, ba umarni yake ba ka ba. Idan aikin ba ya buƙatar ɗan aji, ba ya kuma buƙatar ajin, me yake yi a cikin ajin tun farko? Aikin da ke duba ko rubutu lamba ce ba shi da wata alaƙa da asusu. Fitar da shi waje ya zama aiki mai zaman kansa a cikin fayil ɗin.

Na lura waɗanda suka fara da Java ne suka fi jin wannan da nauyi, kuma ina fahimtarsu. A can duk aiki dole ya zauna cikin wani aji, shi ya sa ake da `Math.sqrt`, inda `Math` aji ne da ba wanda ya taɓa ƙirƙirar ɗansa. A Python `math.sqrt` aiki ne kawai a cikin kundin `math`, ba aji ba komai. Harshen ya riga ya ba ka wurin ajiye irin waɗannan ayyukan. Idan ka ga aji wanda ba shi da `__init__`, ba shi da ɗa ko ɗaya a duk faɗin manhajar, sai ayyukan aji goma sha biyar, to kundi ne ya sa rigar aji.

Akwai kuma lokacin da daidai ne a yi watsi da gargaɗin. A ce `Asusu` na da aiki mai suna `iyakar_cirewa` wanda yau lamba ɗaya yake dawowa da ita ga kowa. Ba ya taɓa `self`, gaskiya ne. Amma tambayar da yake amsawa ita ce nawa wannan asusun zai iya cirewa, kuma gobe za a ce a duba tsawon zaman asusun ko abin da ke cikinsa. Idan ka mai da shi na aji yau, wurare ashirin za su fara kiran `Asusu.iyakar_cirewa()`, ranar da ake buƙatar `self` sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ma'anar tambayar ake dubawa, ba abin da layukan yau suka taɓa ba.

"To me ya raba shi da `staticmethod`?"

A nan gizo ke saƙa. Wani zai ce ai ana iya rubuta `daga_layi` da `@staticmethod`, a sa `Asusu(suna)` kai tsaye maimakon `cls(suna)`, sakamako ɗaya. Haka ne, har ranar da aka zo maganar gado, wato a gina sabon aji a kan wani ya gaji ayyukansa.

Ka ƙirƙiri `AsusunYara` wanda ya gaji `Asusu`, da nasa ƙa'idojin cirewa. Ka kira `AsusunYara.daga_layi(...)`. Idan sunan `Asusu` ne a kafe cikin aikin, abin da za a miƙo maka asusun manya ne, ba ko ɗaya daga ƙa'idojin yaran a jikinsa, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. Idan `cls` ne, Python zai saka ajin da aka kira da shi, magaji ya samu ɗansa na cikinsa. Amfanin `cls` ke nan gaba ɗaya: ajin da aka buga wa ƙofa shi ke amsawa. Gwada gadon `date` ka kira `today()` a kan sabon ajin, ɗan sabon ajin za ka samu.

Shi ya sa nake hana mutane cewa `classmethod` shi ne `static` na Java. `static` ba ya karɓar ajin, kuma magaji ba ya sauya shi yadda yake sauya aikin ɗan aji, sai dai ya rufe shi da wani mai suna iri ɗaya. Wanda ya fi kama da na Python shi ne `def self.suna` na Ruby, da kuma Smalltalk tun shekarun 1970, inda aji kansa abu ne da ake aika wa saƙo, `new` ma saƙo ne zuwa ga aji.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. `cls(suna)` alkawari ne cewa duk magaji zai karɓi suna kaɗai ya ginu. Idan `AsusunYara` ya ce dole sai an ba shi sunan mai kula da yaron, `daga_layi` da ya gada zai faɗi. Dole magajin ya sake rubuta nasa, ko ya rufe ƙofar a fili. Python kansa ya yi haka: `Counter`, aji mai ƙirga abubuwa, ya gaji `dict`, amma idan ka kira `Counter.fromkeys()` zai jefo maka `NotImplementedError`, saboda masu shi sun ga ƙofar ba ta dace da shi ba. Na fi son wannan gaskiyar a kan a bar ƙofa a buɗe tana kai mutum rami.

Maganar ƙirga

Kusan duk darasin da na gani kan wannan batu da misali ɗaya yake farawa: a sa `adadi = 0` a jikin aji, duk sanda aka ƙirƙiri ɗa a ƙara ɗaya, sannan aikin aji ya faɗi jimilla. A ƙa'ida ba laifi, domin tambayar asusu nawa ake da su ba ta wani asusu guda ba ce. Amma a ganina wannan misalin ya fi kowanne ɓata masu koyo, saboda shi ke koya musu cewa jikin aji wurin ajiya ne.

Fara da gado. An buɗe asusu 10, `Asusu.adadi` ya kai 10. Aka buɗe asusun yaro na farko, `cls.adadi += 1` ya gudana da `cls` yana nufin `AsusunYara`. Python zai karanto 10 daga wurin uba, ya ƙara ɗaya, ya rubuta 11 a jikin magaji. Yanzu uba na cewa 10, magaji na cewa 11, alhali asusun yara ɗaya ne tak a duniya. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Sannan ka ɗora manhajar a intanet. Sabar kamar Gunicorn kan tayar da ma'aikata da yawa, kowanne da nasa kwafin ajin a nasa memorin. Ma'aikata huɗu, ƙirga huɗu, ba wanda ya san na ɗan'uwansa. A kashe sabar a kunna, duka su koma sifili. Idan adadin na da muhimmanci, rumbun bayanai ne gidansa.

Sai wurin gwaji, inda abin ya fi cin rai. Gwaji na farko ya bar saura a jikin aji, na biyu ya zo ya tarar. Ka gudanar da na biyun shi kaɗai ya wuce lafiya, ka gudanar da su tare ya faɗi, ka sauya jerinsu ya sake wucewa. Na taɓa ɓata yini cur ina bin irin wannan, ƙarshe ashe wani jeri ne a jikin aji da aka manta ba a share ba. Tun ranar, da na ga `cls.wani_abu =` a cikin kod sai na gyara zama.

Karanta abin da ke jikin aji ba shi ne matsalar ba. Lambar da ba ta canzawa, kamar mafi ƙarancin abin da za a buɗe asusu da shi, ta zauna a can, magaji ya sa tasa, aikin aji ya karanta ta `cls`. Rubutawa a jikin aji ana tsakiyar gudana ita ce nake tsoro.

Gurabun da na yarda da su

Masu Ruby on Rails, tsarin gina manhajojin intanet da Ruby, za su ce suna rubuta `User.find(3)` kullum, ba su ga abin da ya ci musu ba. Ba mu saɓa ba. Lokacin da kake neman mai lamba 3 ba ka riƙe da shi, teburin buɗe kati ka je. Django, takwaransa na Python, ya ɗauki wata hanyar, ya ba wani abu daban mai suna `objects` wannan aikin, amma shi ma ta jikin aji ake kai masa, ba ta ɗan aji ba.

`setUpClass` na `unittest`, kundin gwaji na Python, aikin aji ne, kuma ya cancanta, domin sau ɗaya ake so a yi shirin kafin duk gwaje-gwajen ajin, kamar buɗe hanya zuwa rumbun bayanai. `__init_subclass__`, wanda ya zo a Python 3.6 cikin 2016, shi ma na aji ne ko ba ka ɗora masa alamar ba, yana tashi duk sanda aka haifi sabon magaji. A duka biyun ajin ne ake magana a kansa da gaske.

Iyakar ta nan ce, kuma masu Python da kansu sun taɓa gwada tsallaka ta. A 3.9 sun bari a haɗa `@classmethod` da `@property`, don aji ya samu siffa mai lissafa kanta kamar ɗan aji. A 3.11 suka ce a daina, a 3.13 cikin 2024 suka cire shi.

Cikin ayyuka taran nan na abokin aikina, shida sun koma hannun `self`. Biyu sun fita daga ajin gaba ɗaya, ɗaya mai tsara rubutun kwanan wata, ɗaya mai duba ko abin da aka shigar lamba ce. Guda ɗaya ya rage da hularsa, wanda ke karanta layi daga fayil ya gina asusu, sai dai mun sauya masa suna daga `loda` zuwa `daga_layi`, muka kuma cire `Asusu(...)` da ya kafe a cikinsa muka sa `cls(...)`. Ashe ko a wurin da ya dace da `cls` ɗin, bai yi amfani da shi ba.

Jiya da yamma ya sake turo wani, ya rubuta a sama, "Yaya, wannan karon ko ɗaya ban sa ba." Na buɗe na tarar da `__init__` mai gurabe bakwai, biyar daga ciki `None`.